Wuƙar dala 30 mai kama da ta dala 400: a saya ko a bari?

Tambaya: Ina sha'awar wuƙaƙen aljihu masu naɗewa. Na ga wata a wani shagon intanet na China, sak Sebenza ta kamfanin Chris Reeve, a kan dala 30, alhali ta asalin ta haura dala 400. Wasu sun ce sayenta taimaka wa ɓarawo ne, wasu kuma sun ce wuƙa wuƙa ce, babu wanda ya mallaki siffa. Ni dai ba ni da halin ta asali. Da laifi in na saya? Kuma ingancinsu zai zo ɗaya?

Amsa: Malam, kafin a ce da laifi ko babu, sai an fara duba abin da aka rubuta a jikin wuƙar. Abin da mutane ke haɗawa su kira kwafi a wannan kasuwa iri uku ne, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba. Yawancin gardamar da kake ji, kowa yana magana ne a kan irin da ke ransa, shi ya sa ba ta ƙarewa.

Mu fara da mai sauƙi. Idan wuƙar tana ɗauke da tambarin Chris Reeve, an buga mata rubutun nan da ke nuna a jihar Idaho aka ƙera ta, ta zo cikin kwali irin nasu har da ɗan katin da kamfanin ke sa wa kowace wuƙa mai ɗauke da ranar da aka yi ta, to wannan jabu ce, kuma babu wata doguwar magana. Ƙarya ce aka zana a jikin ƙarfe. Mai saye yakan ce, "Ai ni na san jabu ce, ba a yaudare ni ba." Gaskiya ne, amma wuƙa tana daɗewa fiye da sha'awar mai ita. Bayan shekara biyu za a ba wani kyauta, shi kuma ya sayar a matsayin ta hannu, wanda ya saya na uku ya biya dala 300 yana murna ya samu garaɓasa. Masana'antar da ta buga tambarin ba don kai ta buga ba, don wannan mutum na uku ta buga. Sannan idan makullin, wato abin da ke tokare ruwan wuƙa ya hana ta naɗewa, ya saki ya yanke wa wani yatsa, sunan da ke jikin wuƙar ne zai ɓaci, ba na wanda ya ƙera ta ba. Ga Musulmi ma maganar a fili take: hadisin wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu sananne ne, kuma majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa sunan kasuwanci da tambari da haƙƙin ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa, bai halatta a keta su ba.

A ɗaya gefen kuma akwai abin da ba laifi ko kaɗan, ko da yake masu tsananin kishin manyan kamfanoni kan so su jefa shi cikin jabu. Sana'ar wuƙa gaba ɗayanta a kan aro aka gina ta. Kamfanin Buck na Amurka ya fitar da wuƙarsa mai lamba 110 a 1964, mai ƙotar katako da tagulla da makulli a gadon baya, kuma kafin wani lokaci kamfanonin Amurka da Japan da Pakistan kowa ya fitar da irin tasa, har sunan Buck ya zama sunan duk wuƙa mai wannan fasali. Bob Loveless, wanda ya rasu a 2010, shi ya yayata wuƙar farauta mai tsinin da ya ɗan sunkuyo, kuma yau da wuya ka sami maƙerin wuƙar farauta da bai taɓa yin irinta ba. Michael Walker ya gyara makullin nan na siririn faranti a cikin ƙota a farkon shekarun 1980, yanzu yana cikin wuƙaƙe miliyoyi. Shi kansa Chris Reeve, makullin Sebenza ci gaba ne a kan na Walker: maimakon siririn faranti, sai ya yanka ɓangaren ƙotar kanta ya lanƙwasa ta shiga bayan ruwan wuƙar. Yau kusan kowane kamfani yana yin wannan makulli. Ko a wajen maƙeranmu haka abin yake, wuƙar mahauta da ta wanzamai kowace da fasalinta, ba a kuma taɓa jin wani ya ce nasa ne shi kaɗai ba.

Doka ma ta tsara abin da gangan. Haƙƙin ƙirƙira na wata dabara, kamar yadda makulli ke aiki, shekara 20 ne daga ranar da aka shigar da takarda. Rajistar siffa a Amurka shekara 15 ce, a Tarayyar Turai tana iya kaiwa 25, a Najeriya shekara 5 ce ana sabuntawa sau biyu. Idan wa'adin ya cika, abin ya zama na kowa, kuma wannan shi ne cinikin da aka yi da mai ƙirƙirar tun farko: ka bayyana dabararka, mu ba ka shekaru kai kaɗai, daga nan a saki. Misali mafi kusa shi ne makullin AXIS na kamfanin Benchmade, wanda Bill McHenry da Jason Williams suka ƙirƙira, ya fito a wuƙar 710 a ƙarshen shekarun 1990. Wata 'yar sanda ce ta ƙarfe a gicciye, sifirin biyu na tura ta ta hau bayan ruwan wuƙa. Da wa'adinsa ya ƙare wajen 2016, Hogue da SOG da Kershaw da Kizer duk suka fito da nasu, kowa da sunan da ya ba shi. Wanda ya saya a wajensu bai zalunci Benchmade da komai ba. Wanda ya kwafe shi tun a 2010 kuwa, lokacin da takardar ke da rai, wannan wani zance ne, ko da kuwa dokar ƙasarsa ba ta kama shi ba, domin irin wannan kariya iyakarta ƙasar da aka yi rajista.

Tambari shi ne ba ya mutuwa muddin ana amfani da shi ana sabunta rajista. Nan ne mutane kan rikice a kan kamfanin Spyderco. Zagayayyen ramin nan da ake sa babban yatsa a buɗe wuƙa, Sal Glesser ya fito da shi a 1981. Kariyar dabarar ta daɗe da ƙarewa, amma kamfanin ya yi wa zagayen rajista a matsayin tambarinsa. Saboda haka rami mai siffar ƙwai ko dogo ba matsala, amma cikakken zagaye a wannan wuri tamkar ka buga sunansu ne. Ana iya gardama ko ya dace abu mai aiki ya zama tambari har abada, ni ma ina ganin masu wannan gardama suna da abin faɗa, amma haka dokar take a yanzu.

To, saura na tsakiya, kuma ina kyautata zaton taka a nan take: wuƙar da aka auna ta asali aka kwafe ta layi-layi, tsawo da lanƙwasa da inda kowane noti yake, amma ba a sa tambarin mai ita ba, ko aka sa wani suna daban. Wuƙar Sanrenmu 710 ta China ta yi suna shekaru da yawa saboda kamarta da ƙaramar Sebenza, kamfanin Ganzo kuma ya daɗe yana fitar da masu kama da na Benchmade da Spyderco da sunansa a jiki. A doka, sau da yawa babu abin kamawa. A wajen ɗa'a kuwa, ra'ayina shi ne a bari, amma ba don dalilin da aka saba kawowa ba.

Dalilin da aka saba kawowa shi ne an rage wa babban kamfani ciniki. Wannan hujja ba ta da ƙarfi, kuma kai ma ka rushe ta a tambayarka: wanda ba shi da dala 400 ba zai taɓa sayen Sebenza ba, ko da kwafi ko babu. Chris Reeve bai yi asarar ko sisi a kanka ba. Wanda ya yi asara wani ne daban. Dala 30 ɗinka da ma za ta je wani wuri ne, kuma a daidai wannan farashi akwai kamfanonin da ke biyan mai zane haƙƙinsa. Mai zanen wuƙa Rick Hinderer yana da wuƙar XM-18 mai tsadar gaske, amma ya yi yarjejeniya da Kershaw suka fitar da Cryo a 2012, zanensa ne, sunansa na jiki, a China ake yin ta, farashinta bai wuce na kwafin da kake kallo da wani abin kirki ba. Ernest Emerson ya ba Spyderco da Kershaw lasisin ƙugiyar nan da ke buɗe wuƙa yayin zaro ta daga aljihu. Kamfanin CRKT kusan duk kasuwancinsa a kan haka yake, tun daga M16 ta Kit Carson. Irin waɗannan kamfanoni suna biyan mai zane kaso a kan kowace wuƙa, su yi samfurin gwaji su zubar, su sake, sannan su ɗauki kasadar cewa zanen ba zai karɓu ba. Mai kwafi ba ya ɗaukar ko ɗaya. Yana zaune sai ya ga wadda ta karɓu, ya sayi ɗaya, ya kwance, ya auna. Don haka kullum zai iya karya farashi a ƙarƙashin mai araha na gaskiya. Shi yake kashe wa kasuwa, shi da ƙaramin mai zanen da abincinsa ke cikin wannan kaso.

Da a ce shekara ashirin baya ne, uzurin rashin hali yana da nauyi, domin a lokacin tsakanin wuƙar banza da wuƙa mai tsada babu abin kirki da yawa. Yanzu ba haka ba ne. Ontario RAT 1 da ake yi a Taiwan, Spyderco Tenacious, Civivi Elementum, duk zanen masu su ne, duk suna ƙasa da dala 70, wasu ƙasa da 40. Opinel ta Faransa da Mora ta Suwidin ba su kai dala 20 ba, kuma a wajen yanka zalla za su kunyata wuƙaƙe da yawa masu ninkin kuɗinsu. Kada kuma a ɗauka China na nufin jabu. Garin Yangjiang a lardin Guangdong, inda yawancin kwafin ke fitowa, nan ne kuma kamfanin WE Knife yake, kuma masu zane na Amurka da Turai da kansu suke kai aikinsu irin waɗannan masana'antu. Injin ɗaya ne, abin da aka zaɓa a yi da shi ne ya bambanta.

Akwai wata al'ada a sana'ar da ke nuna inda masu ita suka ja layi. Spyderco ya yi jerin wuƙaƙe mai suna Sage, kowace don girmama wanda ya ƙirƙiro makullinta: ta farko ta Michael Walker, ta biyu ta Chris Reeve. Har yau idan sun yi amfani da makullin Reeve a wata wuƙa, da sunansa suke kiransa a takardunsu. Ɗaukar dabara a gina sabon abu a kuma ambaci mai ita, wannan karɓaɓɓe ne. Ɗaukar fuskar wuƙar mutum gaba ɗaya don a ci kasuwa da kamarta, wannan ne suke ƙyama.

Yanzu batun inganci, kuma a nan kama da wane ba ta wane. Abin da kwafi ke iya kwaikwaya shi ne abin da hoto ke nunawa. Kuɗin wuƙa mai tsada kuwa yawancinsa yana cikin abin da ido ba ya gani.

Na farko ƙarfen ruwan. Sebenza ta yi shekaru da S30V, sannan S35VN, ƙarafan da kamfanin Crucible ya haɗa tare da shawarar Reeve kansa. S30V na da kabon kashi 1.45 cikin ɗari, kuromiyam 14, banadiyam 4, kuma banadiyam ɗin nan ne ke sa kaifi ya daɗe. Kwafin zai zo an rubuta masa D2 ko S35VN ko M390, amma rubutu da leza ba ya cin ko kwabo. Wuƙar dala 30 gaba ɗayanta ba za ta ɗauki M390 na gaskiya ba, kuɗin ƙarfen da na sarrafa shi sun hana. Abin da aka fi samu a ciki shi ne 8Cr13MoV idan an yi sa'a, mai kabon kusan 0.8, ko 5Cr15 da 3Cr13 idan ba a yi ba. 8Cr13MoV ba mugun ƙarfe ba ne, shi ne a jikin Tenacious da Cryo, amma su sun faɗa maka gaskiya. Wanda ya yi maka ƙarya a kan sunan ƙarfe, ba ka da dalilin amincewa da shi a kan yadda aka gasa ƙarfen a wuta don ya yi tauri.

Gashin kuwa shi ne rabin wuƙa. D2 na gaskiya ana kai shi sama da digiri 1,000 na zafi, a sanyaya, a sake ɗumama shi sau biyu, ya tsaya wajen 59 zuwa 61 a ma'aunin tauri na Rockwell. Idan aka cusa ɗaruruwan ruwan wuƙa a tanda ɗaya don sauri, na gefe da na tsakiya ba za su sami zafi ɗaya ba, shi ya sa mutum biyu za su sayi kwafi iri ɗaya, ɗaya ya yaba, ɗaya ya zaga, kuma dukansu gaskiya suka faɗa. Sannan a wajen fitar da kaifi, idan aka danna ruwan a kan bel mai gudu ba ruwan sanyaya, bakin yana ƙonewa ya yi laushi. Alamarsa ita ce wuƙa ta zo tana aske gashin hannu, amma kafin ka gama yanka kwali biyu ta dakushe. Idan ƙunar ce kawai, bayan washi uku ko huɗu za a kai ga lafiyayyen ƙarfe. Idan kuwa kana wasawa wani siririn zare na ƙarfe yana ta juyawa daga wannan gefe zuwa wancan ya ƙi yankewa, ƙarfen ne gaba ɗaya mai laushi, babu magani.

Abin da ya fi ƙarfe muhimmanci shi ne makulli, domin shi ke tsakanin kaifi da yatsunka. A irin na Sebenza, gindin ruwan wuƙa an goge shi da ɗan karkata, wajen digiri 7 zuwa 9, inda ƙarfen ƙota ke hawa ya tokare. Karkatar ta yi yawa, makulli ya zame idan an matsa wa bayan wuƙar. Ta yi kaɗan, ya cije ya ƙi sakuwa. Kuma taitaniyam, ƙarfen da ake yin ƙotar Sebenza da shi, ya fi ruwan wuƙa laushi, yana gogewa yana mannewa, don haka kamfanonin kirki suke taurara bakin, ko su ɗaura masa guntun ƙarfe mai tauri, ko ƙwallon tangaran kamar yadda Reeve ya yi a Sebenza 31. Mai kwafi yakan tsallake wannan mataki tunda ba ya fita a hoto. Sakamakon shi ne makullin da ya fara kama kashi ɗaya cikin uku na kaurin ruwan, bayan 'yan watanni ya yi ta tafiya har ya dangana da ɗaya ɓangaren ƙota, daga nan ruwan ya fara kaɗawa sama da ƙasa. A masu sanda a gicciye kuma sifirin ne ke karyewa. Na asalin ma yana karyewa, amma can akwai wanda za ka aika wa ya canza.

Sai ƙananan abubuwa masu ban haushi. Notukan ƙota yawanci bakin tauraro ne, lamba T6 da T8, kuma na kwafi ƙarfensu laushi ne, ga gam ɗin noti da aka malala, sai ka juya sau ɗaya bakin ya cinye. Boris ɗin da ke sa wuƙa ta buɗe sumul, idan aka ɗora shi kai tsaye a kan taitaniyam ba wosha mai tauri a ƙarƙashi, yana haƙa wa kansa hanya, wuƙar ta fara gurnani. Ita Sebenza ba ta ma da boris. Wosha ce ta tagulla da wani ɗan bututu da aka yanka daidai kaurin da ake so, ta yadda za ka ɗaure notin tsakiya tamau amma ruwan ya ci gaba da juyawa ba kaɗawa. Wannan daidaito, wanda ake aunawa da kason milimita, shi ne abin da ake biyan kuɗin dominsa, kuma shi ne abu na farko da ke ɓacewa a kwafi. Gaskiya akwai kwafin dala 80 zuwa 100 masu taitaniyam na gaske da aiki mai tsafta. Su ne ma suka fi ban takaici, domin masana'antar da ta iya wannan ta iya yin nata zanen.

A wuƙaƙen kicin ma haka abin yake. Global ta Japan, wadda Komin Yamada ya zana a 1985, mai ƙotar ƙarfe da ɗige-ɗige, tana cikin waɗanda aka fi yi wa jabu. Ga kuma masu zanen igiyar ruwa a jiki da ake cewa ƙarfe ne ninki 67, alhali da leza aka zana. Na gaskiya zanen yana bi ta gadon bayan wuƙar, ana ganin layukan ninkin. Na bogi a fuska kawai yake, yana kuma gogewa da takardar yashi. VG-10 ƙarfen kamfanin Takefu ne na Japan. Mai kama da shi na China sunansa 10Cr15CoMoV, ba shi da laifi idan an kira shi da sunansa.

Idan ka riga ka saya, ko wata ta shigo hannunka, ka gwada ta kafin ka amince mata. Buɗe ta, ka kama tsinin ta baya da tsumma, ka girgiza hagu da dama, sannan sama da ƙasa. Kaɗawar gefe sau da yawa notin tsakiya ne, ana ɗan ɗaurewa ta tafi. Kaɗawar sama da ƙasa matsalar makulli ce, kada ka yi aiki mai nauyi da ita. Leƙa ka ga inda makullin ya tsaya a gindin ruwan: tsakanin kwata da rabi shi ne daidai a sabuwar wuƙa. Riƙe ƙotar ta gefe-gefe, yatsunka duk a waje da hanyar kaifi, ka ɗan buga gadon bayan a kan katako sau uku ba da ƙarfi ba. Idan ta naɗe, ka ajiye ta. Don sanin ƙotar, ka kai mayen ƙarfe can ƙarshenta wuƙar tana buɗe, nesa da noti: taitaniyam ba ya kamuwa. Ka haɗa da sikeli, domin babbar Sebenza giram 130 ce da 'yan kai, ƙarfe kuwa ya kusa ninka taitaniyam nauyi, ba ya ɓuya.

Idan tana da tambarin wani, kada ka sayar, kada ka bayar kyauta a haka. Ka goge tambarin da takardar yashi mai lamba 220, ka bi da 400, ko ka karce kalmar jabu a cikin ƙotar, ka yaga kwalin da katin. Wanda kuma yake tunanin saro su ya kawo kasuwa, ya sani masu tambarin bogi kwastan na da ikon kamawa, marasa tambari kuma wajibi ne ya gaya wa mai saye sunan masana'antar da ta yi su, kada ya ce masa "irin Sebenza ce" ya yi shiru. Batun ƙarfe ma ya faɗi abin da ya tabbatar kawai. Na'urar hannu da masu gwada ƙarafa ke amfani da ita tana karanta kuromiyam da banadiyam cikin daƙiƙoƙi, kuma ruwan da aka rubuta wa S35VN ya kamata ya nuna banadiyam wajen kashi 3. Idan ya nuna kusan sifili, a cire sunan daga talla.